Murzuna, Mai Cin Zangarniyar Gero

Manoman gero na Gusau, Tsafe da Bungudu sun san wannan ɓarna. Gero ya yi kyau, ya fid da kai, sai a ga wani zane ya nannaɗe zangarniya, wurin babu ƙwaya ko ɗaya. Aikin wata tsutsa ce da ake kira murzuna ko zuzzuɗa.

Uwar tsutsar nan ba kowa ya taɓa ganinta ba, domin da dare take yawo. Ƙaramar faɗa-wuta ce mai launin ƙasa-ƙasa. Takan fito kamar wata guda bayan saukar damina, ta zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta shige tsakanin fure, tana datse shi tana zagayawa, har kusan wata ɗaya. In ta ƙoshi sai ta sauko, ta nutse cikin ƙasar gonar, ta kwanta rani gaba ɗaya. Ita ce za ta zama faɗa-wutar baɗi. Wato ɓarawon yana kwance a gonarka tun kafin ka yi shuka.

Ɓarnarta ta tsananta ne bayan farin 1972 zuwa 1974. Geron da ya riga fid da kai ya fi shan wahala. Maiwa, da take makara, sau da yawa takan tsira. Feshi kuwa asarar kuɗi ce in tsutsar ta riga ta shige ciki, don magani ba ya kai mata sosai.

A Maraɗi, masanan cibiyar binciken noma ta INRAN sun bi wata hanya. Suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, su sa shi cikin ƙananan buhunan algarara, a rataye a gonaki. Shi yakan harbi tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Ba ya cin gero, ba ya harbin mutum.

Abin da ke hannunka shi ne huɗa bayan girbi. In aka juya ƙasa, rana da tsuntsaye za su kashe masu kwance a ciki. Amma faɗa-wuta ba ta san iyakar gona ba, saboda haka ka shawarci maƙwabtanka ku yi shuka lokaci guda, kuma da ka ga zanen farko a zangarniya ka sanar da malamin gona.