Shin Bashin Karatu Adalci Ne Ga Ɗan Talaka?

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya aiko yana tambaya: idan jami'o'i suka koma dogaro da kuɗin makaranta, gwamnati kuma ta riƙa ba ɗalibai rance, an yi wa ɗan talaka adalci?

To Malam, masu goyon bayan tsarin suna da hujja. Sun ce harajin manomin da ɗansa bai wuce firamare ba ne ke ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan masu hali, don haka wanda zai ci moriyar digiri ya biya wani abu.

Matsalar ita ce wa ke ɗaukar kasadar. A Najeriya, asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana ba da rance babu ruwa, a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wannan sassauci ne, na yarda. Amma albashin wa za a cira inda mai digiri ke tuƙa Keke Napep? Idan bashin bai dawo ba, asusun zai ƙafe, kuɗin rajistar da jami'o'i suka ƙara kuwa ba zai sauko ba.

Ƙasar Chile ta bi wannan hanya ta kuɗin makaranta da rance tun 1981. Bashi ya yi wa iyalai katutu, ɗalibai suka cika tituna a 2011, har a 2016 gwamnati ta fara ɗauke wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin makaranta. A ganina, tilas tallafin da ba a biya ya tafi tare da rancen, musamman ga 'yan mata, waɗanda iyaye kan fara cirewa idan karatu ya yi tsada.