DARASI: TAFIYA DA IYALI CIKIN HAMADA DA HALARTOWAR ZUCIYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa a kan kalmomin Larabci biyu ne, "safar" da "gafala". Malaman lugga sun ce asalin safar shi ne yaye lulluɓi, domin tafiya tana yaye lulluɓin halin mutum. Gafala kuwa ita ce jiki yana nan, zuciya tana can. Maganinta shi ne halartowar zuciya, wato mutum ya tara hankalinsa a kan abin da ke gabansa, yana mai tuna Allah.

Bari mu ɗauki misali da Tasili Najjar, a kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da garin Janet. A 1972 gwamnati ta keɓe shi ta hana yi masa ɓarna, a 1982 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 72,000. A jikin duwatsunsa akwai zane sama da 15,000 na mutanen dā. Masu ziyara kan tafi da ɗan jagora Buzu. Hawan tudun da ƙafa ake yi, jakuna na ɗauke da ruwa da guzuri, kuma lokacin sanyi aka fi zuwa. To, iyalin da suka shiga irin wannan wuri, me ya kamata su koya?

Na farko, kallo da lura. Cikin zanen nan akwai garken shanu, da giwa, da raƙumin dawa, har da dorina. Dorina kuwa ba ta rayuwa sai da ruwa. Ashe ke nan wannan busasshen wuri, shekaru dubbai da suka wuce, makiyaya ce mai koguna. Uban da ya tsaya ya tambayi ɗansa, "Ina ruwan ya tafi?" ya karantar da shi cewa duniya ba ta tabbata. Suratul Gashiya, aya ta 17 zuwa ta 20, ta ja hankalinmu ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Duk huɗun suna gaban matafiyin hamada, ba sai ya nema ba.

Na biyu, ba iyali hankali. A yawancin hamada waya ba ta kamawa. Nan ne uwa da uba da 'ya'ya kan zauna gefen wuta, Buzu yana dafa shayi, kowa yana jin maganar ɗan'uwansa har ƙarshe. Mu dubi ɗakunanmu na Nima da Aboabo: mutum shida a ɗaki ɗaya, amma kowa ya duƙa kan wayarsa. Tsohuwa tana ba da labarin yadda kakanni suka zo fataucin goro Salaga, babu mai saurare. Ranar da ta koma ga Allah, labarin ya tafi da ita, kuma babu kasuwar da ake saye.

Na uku, salla a kan hanya. A mazhabar Malikiyya, tafiyar baridi huɗu, kimanin kilomita 80, ana yin ƙasaru, wato salla mai raka'a huɗu ta koma biyu. Idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, sai a yi taimama. Yaron da ya ga mahaifinsa ya dafa rairayi ya yi taimama ba zai manta ba, domin gani ya kori ji.

Na huɗu, amana. Ba a shafa zanen, ba a watsa masa ruwa don hoto ya fito, ba a rubuta suna a jikin dutse, ba a barin leda. A Tasili akwai wata irin bishiya da 'yan ɗaruruwa kawai suka rage, wasu sun haura shekara 2,000. Wanda ya karya reshenta don hura wuta ya zalunci masu zuwa bayansa.

Mai yiwuwa wani ya ce, "Malam, ina mu ina Aljeriya?" Gaskiya ne, amma darasin bai tsaya can ba. Kalmar zango kanta ma'anarta inda ayari ke sauka ya huta. In makaranta ta shirya zuwa gandun Mole da masallacin Larabanga, ko za mu gaida dangi a Bawku, mu ɗauki hoto kaɗan, mu yawaita kallo da tasbihi, mu tambayi iyayenmu sunayen garuruwa da itatuwa.

Aikin gida: kowannenmu ya keɓe lokaci tsakanin Magariba da Lisha, ya ajiye waya, ya zauna da wani babba a gidansu, ya rubuto mana abu uku da ya koya daga bakinsa.

Allah Ya raba mu da gafala, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.