Darasi: Yadda ake zaɓen wayar salula ta hannu

'Yan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, ɗaliban yaƙi da jahilci na gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, darasinmu na wannan fitowa ya shafi babbar wayar salula, wadda ake shafa fuskarta da yatsa. Bayan kaka, in an sayar da aya da wake da riɗi, mutane da yawa kan nufi kasuwar Maradi ko ta Cadawa ko ta Tsibiri su sayo waya. Sabuwa tana da tsada, don haka akasari ta hannu ake saye. Kuɗin nan kuwa gumin damina ne. Ya kamata manomi ya duba waya kamar yadda yake duba san huɗa kafin ya biya.

Wane aiki za ta yi maka?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Jenny Aker, malamar jami'a a Amurka, ta yi bincike kan kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin 'yan kasuwa suna jin farashi tun ba su yi tafiya ba. A 2009 da 2010 kuma, wani shiri mai suna ABC ya koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci na jahohin Doso da Damagaram aiki da salula, sai suka fi sauran ɗalibai ƙoƙari a rubutu da lissafi. Duk wannan da ƙananan wayoyi masu maɓalli aka yi shi. Saboda haka, in kira da jin farashi kawai kake bukata, ƙaramar waya ta wadatar: ta fi araha, kuma cajinta yana yin kwanaki.

Babbar waya tana da amfani ga wanda zai ɗauki hoton murzuna a kan zangarniyar gero ya aika wa malamin gona, ko ya shiga rukunin WhatsApp na manoma irin waɗanda ƙungiyar RECA ta buɗe, ko ya aika saƙon murya ga ɗansa da ke cin rani.

Ta hannu iri biyu ce

Akwai wadda mai ita ya yi aiki da ita ya sayar yadda take. Akwai kuma gyararriya, wadda mai gyara ya buɗe ya sauya mata gilashi ko batir ko murfi. Gyararriya takan yi kyan gani kamar sabuwa, amma murfi ba ya faɗin abin da ke ciki. Tambayi mai sayarwa abin da aka sauya. Ba a cinikin biri a sama: kada ka biya sai ka riƙe wayar ka gwada ta da kanka.

Abubuwa shida da za a duba

1. Asalinta. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15, ana kiranta IMEI. Danna *#06# za ta fito. In akwai kwali, kwatanta ta da wadda ke jikinsa. Mai sayarwa ya rubuta maka takarda mai ɗauke da sunansa da wannan lamba da kuɗin da ka biya da ranar ciniki. Wanda ya sayi kayan sata yana iya rasa waya da kuɗi, ya kuma amsa tambayoyi gaban hukuma.

2. Makulli. Mai wayar ya cire adireshinsa na Google da lambar sirrinsa a gabanka, a share ta, a sake kunnawa. In aka share waya ba a cire adireshin ba, takan kulle, ta ƙi buɗewa sai da lambar sirrin mai ita na farko.

3. Batir. Nan ne tsohuwar waya ta fi ba da wahala. Batir yana rage ƙarfi da yawan caji, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa. Duba alƙalamin caji, ka kunna bidiyo na minti goma, ka sake dubawa. In cajin ya zube da sauri, ko wayar ta yi zafi ƙwarai, ko bayanta ya kumbura, ajiye ta.

4. Layi. Sa naka layin, wato pus, a kowane gurbi. Kira wani, ka tabbata kana jinsa yana jinka. Ka kuma san kamfanin da rezonsa ke kamawa a garinku, domin wayar da ta yi aiki a Maradi ba lalle layinta ya kama a ƙauye ba.

5. Fuska da ido. Shafa kowace kusurwa ta gilashin ka ga tana amsawa. Ɗauki hoton ganye kusa-kusa. In jijiyoyin ganyen ba su fito sarai ba, malamin gona ba zai gane ƙwaron da ka aiko masa ba. Gwada bakin caji shi ma.

6. Shekarunta. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da tsarinta na Android bai kai lamba 5 ba. Nemi wadda lambarta ta ɗara haka nesa, mai ma'ajiyar da ta kai giga 32. Zaɓi kuma irin da masu gyara suka saba da ita, kamar Tecno da Itel da Infinix da Samsung, don kayan gyaransu sun fi samuwa.

Lissafin kuɗi

Kuɗin waya bai tsaya ga abin da aka biya a kasuwa ba. Ga misali don koyon lissafi. Waya ta farko jika 20 ce, amma tana bukatar batir na jika 5 da gilashi na jika 7, ga kuɗin mota jika 2 zuwa wurin mai gyara. Jimla jika 34 ke nan. Ta biyu lafiyayya ce, jika 30. Wacce ta fi araha? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A tuna kuma da kuɗin caji da na kati da za a riƙa biya kowane mako. Kada a taɓa hatsin ci ko irin shuka don sayen waya.

Gargaɗi kan lafiya

Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta. Kada a huda shi, kada a jefa shi cikin murhu, kada a bar yara su yi wasa da shi. Kada a yi caji ƙarƙashin matashi ko kusa da danni da rumbu, kuma kada a bar waya cikin rana.

Aikin aji

Malami ya kawo waya aji, kowane ɗalibi ya danna *#06#, ya kwafi alƙaluman 15 cikin littafinsa, ya karanta su da ƙarfi. Sannan kowa ya rubuta takardar ciniki irin wadda aka bayyana. Wanda ya iya karanta lamba, ya iya rubuta takarda, da wuya a cuce shi a kasuwa. Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma.