Yadda Ake Kafa Rumfa Mai Ƙarko a Bayan Gida

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a ƙasar Kano yakan haura digiri 40, har ɗakin kwano ya ƙi zaunuwa. Shi ya sa a Utai da sauran garuruwan Wudil rumfa take da daraja: a nan ake sussuka, a nan yara suke karatu, a nan ake saukar baƙo. Sai dai rumfuna da dama ba su daɗewa, kuma abu biyu ne ke kashe su, wato gara da iskar farkon damina. Duka biyun daga gindi suke kama rumfa.

Fara da zaɓen itace. Azarar giginya ta fi kowanne, domin gara ba ta cika cin ta ba, kuma da ita magina suka daɗe suna rufin soraye a birnin Kano. Amma giginya tana daɗewa kafin ta girma, azara kuwa ta yi tsada. Darbejiya tana ko'ina, kuma tana aiki sosai idan an ɓare ɓawonta an bar ta ta bushe. Farin katakon nan mai araha kuwa, kada ka binne shi a ƙasa. Abincin gara ne kawai.

Don rumfa mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 8, dirka huɗu masu gwafa sun isa, kowace ƙafa 9. Kafin ka haƙa rami, daidaita kusurwa. Daga turke ɗaya auna ƙafa 3 ta gefe guda, ƙafa 4 ta ɗaya gefen. Idan tsakanin alamun biyu ya ba ka ƙafa 5, kusurwa ta yi daidai, gama 9 da 16 sun tashi 25. 'Yan aji uku da ke tambaya me ka'idar Fitagoras za ta amfane su, to ga amsa.

Zurfin rami ƙafa 2 ne, kada ka rage. Babbake gindin dirka a wuta har ya yi baƙi, ko ka shafe shi da baƙin mai, ka haura bakin ƙasa da taƙi ɗaya. Zuba tsakuwa a ƙasan ramin don ruwa ya tsane. Sa'an nan ka mai da ƙasa kaɗan kaɗan, kana daddanna ta da taɓarya. Masu gaggawa sukan tura ƙasar gaba ɗaya su taka da ƙafa, kuma rumfarsu ce hadari ke fara ɗauka. In za ka sa siminti, ka tuda shi a wuyan dirka don kada ruwa ya kwanta.

Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, saboda haka ɗaure sandunan sama da waya, kada ka dogara ga ƙusa kaɗai. Bari gefe ɗaya ya ɗan yi ƙasa don ruwa ya gangara, ka rufa da zana ko karan dawa. Wata zanar ka rataya ta yamma saboda ranar la'asar. Soso ko duma da aka shuka a gindi zai hau ya ƙara inuwa kafin damina ta ƙare.

Kowane mako ka duba dirkokin. In ka ga hanyar jar ƙasa tana hawa itace, gara ce ta iso: kankare ta nan take, ka sāke shafa mai.