Idan injin zarto ya ƙi cin katako

Darasinmu na yau a kan injin zarto ne, mai tebur, wanda kafintoci ke tsaga katako da shi. A da, sai a manyan garuruwa kamar Maraɗi da Damagaram ake ganinsa. Yanzu duk inda wutar lantarki ta kai, kana iya jin kukansa ranar kasuwa. Yana da sauri. Aikin da mutum biyu za su wuni suna yi da zarton hannu, shi kafin hantsi ya gama. Amma faifan zartonsa yana juyawa fiye da sau 3.000 cikin minti ɗaya, wato sau 50 cikin sakan guda. Bai san bambancin katako da yatsa ba.

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, cire wayarsa daga bango. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. Yaro na iya danna shi hannunka yana ciki.

Ga abin da ya fi faruwa. Kana tura katako, sai ya yi nauyi. Hayaƙi ya tashi, gefen katakon ya yi baƙi. Da yawa sai su ce injin ya mutu, su aika a kira mai gyara, su biya kuɗin mota da na aiki. Alhali sau da yawa laifin faifai ne. Dube shi da kyau. Idan ƙaro da garin katako sun manne a haƙoransa, kwance shi, ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge. Idan haƙoran sun dushe, kai shi a wasa. Faifan da ya tsage ko ya karkace kuwa, a jefar da shi. Kada a yarda mai walda ya liƙe shi, domin ranar da ya fashe, kamar harsashi yake tashi.

Wajen kwancewa, lura: a wasu injuna notin baibai yake. In ya ƙi, gwada ɗaya hannun, kada ka yi ta bugun kile da guduma. Wajen mayarwa kuma, haƙoran da ke sama su fuskanci wurin da kake tsayawa.

Idan faifai lafiya yake amma katako yana matsewa, to dubi jagora, wato ƙarfen nan ko katakon da ke kwance a kan tebur, wanda kake jingina aiki da shi. A nan ne karatunmu zai yi amfani. Ɗauki alli ka yi ma haƙori ɗaya alama. Kawo shi gaba, ka auna da mita daga haƙorin zuwa jagora. Rubuta lambar. Juya faifan da hannu har haƙorin ya koma baya, ka sake aunawa. A ce gaba ka samu santimita 10, baya kuma santimita 9 da milimita 8. Ka ga baya ya fi ƙunci da milimita 2. Ba yawa a ido, amma ya isa ya sa faifai ya kama katako ya wurgo maka shi a ciki ko a fuska. Sassauta jagora, ka daidaita har lambobi biyun su zama ɗaya.

Akwai wani siririn ƙarfe da ke tsaye bayan faifai. Aikinsa ya hana tsagar katako rufewa. Wasu suna cire shi, wai yana tare musu aiki. Wannan ganganci ne, musamman ga mai tsaga ɗanyen ice kamar dogon yaro, wanda yake rufewa da an tsaga shi. A mayar da shi. Faifai kuma kada ya ɗara kaurin katako da fiye da milimita 5. Idan katakon siriri ne, a tura shi da sanda. A naɗe hannun riga, a ajiye rawani.

Wani lokaci injin yana gudu amma faifai yana tsayawa da ya taɓa katako. Wannan bel ne, wanda wasu ke ce ma kurwa. Danna tsakiyarsa da yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya, ya saki, sai a ja shi. In ya tsattsage, a tafi da tsohon kasuwa, a karanta lambar da ke jikinsa, a sayo irinsa.

Idan ka kunna, injin ya yi ta gurnani bai tashi ba, kashe shi nan take. In ka bar shi, wayoyin cikinsa za su ƙone, gyaransu kuwa ba arha. Cire waya, ka juya faifai da hannu. In ya ƙi juyawa, garin katako ne ya cushe ƙarƙashin tebur, sai a kwashe. A share ramukan shan iskar injin ma, domin ƙurar hunturu tana toshe su, da zafin bazara ya zo sai ya yi ta ɗaukar zafi. In kuwa faifai yana juyawa sumul, to ko wutar ce ba ta kai 220 ba, ko wani abu ya lalace a ciki. Wannan ba aikin kafinta ba ne. Kira mai gyaran lantarki, ka gaya masa abin da ka ji da abin da ka riga ka duba.