Ƙarafa a Yaƙi da Bakteriya Masu Taurin Kai

Mutum kusan miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya a 2019 sanadiyyar bakteriya da suka daina jin magani, kamar yadda binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Wannan ne ya sa masana sinadarai suka waiwayi ƙarafa.

Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ke nan, yakan ɗaure jan ƙarfe ko azurfa da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen ta ko'ina. Lulluɓin nan shi ke taimaka wa ƙarfen ya ratsa kitsen da ke bangon bakteriya. Sai a ɗiga haɗin a farantin da aka shuka cutar. Washegari, in an dace, za a ga fili tas a kewayen ɗigon.

Dabarar daɗaɗɗiya ce. Tun 1910 aka fara warkar da tunjere da Salvarsan, maganin asenik na Paul Ehrlich, kuma har gobe ana shafa man azurfa a ƙuna. A 2020 masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya sun ba da rahoton gwajin haɗe-haɗen ƙarfe 906, inda kusan kashi 10 cikin 100 suka nuna tasiri. Sinadaran da babu ƙarfe a cikinsu ko kashi 1 ba su kai ba.

Ƙarfen galiyom ya fi burge mai wannan rubutu. Galibi bakteriya ba ta rayuwa sai da sinadarin ayon, galiyom kuwa kamarsu ɗaya. Sai ta haɗiye shi, ya ƙi yi mata aikin ayon, ta galabaita da yunwa alhali cikinta cike.

Sai dai faranti daban, jikin mutum daban. Ƙarfen da ya kashe cuta yana iya lalata ƙoda. Ba a manta da gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Yawancin waɗannan haɗe-haɗe ba su bar ɗakin gwaji ba tukuna.

Roƙon mai wannan rubutu ga jama'a shi ne a riƙe magungunan da ke hannu da daraja. A daina sayen kafso a kemis ba da takardar likita ba, kuma a sha shi yadda likita ya ce.