DARASI: MALA'IKA YA FARA DA GURASA DA RUWA

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Annabi Iliya ya yi nasara a kan annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, amma da saƙon Yezebel ya iso, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Abin lura shi ne, Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa har sau biyu. Sai a Horeb, bayan kwana 40, ya tambaye shi damuwarsa, ya saurara, ya nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, ya kuma sa ya keɓe Elisha, wanda ya zama mai yi masa hidima.

Idan annabi ya kai wannan hali, mai bi a Giade ko Azare ba zai ji kunyarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Yawancinsu ba sa yawo a kasuwa da tsumma. Suna noma, suna daka, suna zuwa sujada ranar Lahadi.

Wadda ta fi ɓuya ita ce damuwa mai tsanani. Baƙin ciki na kowa ne, yana kuma wucewa. Amma idan ya wuce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da cin abinci suka rikice, ya fara ganin kansa kaya ne ga iyali, to ciwo ne, yana kuwa da magani. Mai jego takan kamu da shi, a ce mata ragwanci ne. Akwai kuma fargaba da mugayen mafarkai bayan tashin hankali, irin bama-baman da suka tashi a Azare a 2014. Ga samari, tramol da kodin sun lalata hankali da yawa. Farfaɗiya kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ta yaɗuwa ta yawu. Wanda ya fara sambatu tare da zazzaɓi mai zafi, a garzaya da shi asibiti nan take, gama sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro suna yin haka.

A nan ne gidaje da yawa suke kuskure. Sukan ce aljanu ne ko sammu, a kai marar lafiya gidan addu'a, a ɗora masa azumi, wani lokaci har da mari a ƙafa. Littafi Mai Tsarki bai musanta aikin mugayen ruhohi ba, amma Matiyu 4:24 ya lissafta masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam. Bulus ma ya kira Luka ƙaunataccen likita. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, kuma mai cewa a zubar da ƙwayoyi don nuna bangaskiya yana wasa da ran ɗan'uwansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin irin waɗannan majinyata.

Aikin fasto, dattawa da zumuntar mata shi ne sauraro ba tare da hanzarin wa'azi ba, da riƙe asiri. Abin da aka faɗa a ɗaki kada ya fito a matsayin roƙon addu'a a gaban jama'a. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da igiya, a kai shi asibiti ranar. Daga Giade a fara da asibitin garin ko babban asibitin tarayya na Azare. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Maiduguri. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada a daina shi sai da izinin likita.

Don tattaunawa a gida: Me ya sa Ubangiji ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa tambaya? Wane ne ya daina zuwa sujada a watannin nan, wa kuma ya je gaishe shi?